WAI TALAKA BA YA CIWON ZUCIYA!

Zuwa ga 'yan'uwanmu na rassan Tibiri, da Kore Mairuwa, da Dumega, da Geceme, da Dogon Dutsi, da Matankari, da duk inda kasuwa ke ci a ƙasar Arewa.  A karanta wannan takarda a taron reshe da babbar murya, don wanda bai yi lakwal ba shi ma ya ji da kunnensa. In an gama, kada a naɗe ƙosai da ita, a miƙa wa na gaba.

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙasar nan, har wasu sun ɗauke ta kamar karatu. Wai ciwon zuciya na manya ne, masu cin nama kullum, masu yini cikin ofis ƙarƙashin fanka. Wai talaka mai shan fura da cin tuwon hatsi, mai yini a gona da hauya, zuciyarsa ta ƙarfe ce, ba abin da ke taɓa ta. Mu 'yan reshen Tibiri mun ce wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kisa. Da ita aka hana mu abin awon jini a gidajen likitanmu na ƙauye. Da ita aka tattara likitocin zuciya a Yamai aka bar mu da addu'a. Mu ne muke wankan gawa, mu ne muke haƙa kabari, saboda haka mu muka san wanda ciwon nan yake ɗauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

INDA MAGANAR TA SAMO ASALI

Ba daga bakin kakanninmu ta fito ba. A shekarar 1929 wani likitan Ingila mai suna Donnison, da ke aiki a ƙasar Kenya, ya auna jinin baƙar fata na can, ya rubuta cewa bai ga hawan jini a cikinsu ba. Abin da mutum guda ya gani a lungu guda, shi aka shimfiɗa bisa Afirka duka, aka yi ta koyar da shi shekara da shekaru. Maganar kuwa ta yi wa masu mulkin mallaka daɗi, domin ciwon da aka ce babu shi, ba a kashe masa ko dala.

Ku duba yadda Nasara ya tsara aikin likita a nan. A 1905 Faransa ta kafa aikin jinyar 'yan ƙasa a yankunan da ta mallaka na Afirka ta Yamma. A 1918 ta buɗe makarantar likita a Dakar, inda ake koya wa 'ya'yanmu rabin aikin, su fito mataimaka, Bature na bisansu. A 1922 aka kafa asibitin Yamai. Ba mu musun cewa allurar agana ta yi amfani, ƙarya ba ta cikin aikinmu. Amma wace cuta Nasara ya bi da gudu? Agana, da sanƙarau, da ciwon barci, watau cututtukan da ke share gari cikin wata guda su rage masa masu biyan lanho, da masu aikin tilas, da samarin da zai kwasa soja. Tsohuwar da ƙafafunta suka kumbura, da mai jegon da haki ya hana ta kwanciya, waɗannan ba su cikin lissafin kwamandan. Aikin tilas bai faɗi ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946. Nasara ya sauka ran 3 ga Agusta 1960. To, tambayarmu ita ce: lissafin nasa ya sauka tare da shi, ko kuwa mun gaje shi har da littafin?

ABIN DA IDONMU YA GANI

Wata damina, a wani ƙauye na Dallol Mawri, wata ɗiyarmu ta yi haihuwa ta biyu. Shekarunta ba su kai 20 ba. An yi suna lafiya, an yanka rago, an yi guɗa. Kafin ta yi arba'in ƙafafunta suka fara kumbura. Tsofaffi suka ce ruwan jego ne, zai saɓe. Sa'an nan tari ya kama ta da dare. Sa'an nan ta kasa kwanciya, sai a zaune take barci, jingine da bango. Aka yi turare, aka sha rubutu, aka kira mai magani. Da abin ya ƙi, aka ɗora ta bisa amalanke zuwa wani gidan likita. Malamin asibitin mutumin kirki ne, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma abin awon jininsa ya lalace tun watanni, maganin fitar da ruwa kuma ya ƙare. Ya rubuta takarda ya tura su gaba. Motar asibiti sai an zuba mata mai. Mijin ya sayar da awaki biyu da buhun wake a kasuwa, farashin wanda aka ga idonsa ya yi ja. A babban gari aka saurari ƙirjinta, aka ce zuciya ce ta buɗe, ana bukatar hotonta, hoton kuwa sai an ƙara gaba. Guzuri ya ƙare. Suka juyo gida da ƙwayoyin kwana goma. Ba ta ga kaka ba. Jaririn yana hannun kakarsa, ana ba shi nonon akuya.

Ba mu faɗi sunanta ba, don ba mu da bukata. Kowane reshe da ke sauraron wannan takarda yana da tasa. Ku dubi juna, za ku tuna.

ƁARAYI UKU

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗaki huɗu da ƙofa huɗu, tana bugawa wajen sau 100,000 kowace rana, ba ta hutun salla, ba ta hutun kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan nan a ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki suke. Ina masu cewa ciwon attajirai ne? A ƙasarmu ɓarayi uku ne suka fi shiga wannan gida.

Na farko hawan jini, wanda 'yan birni ke kira tansiyo. Shi ɓarawo ne mai tafiya da sanɗa. Mutum na iya shekara goma da shi, yana noma, yana cin kasuwa, ko ciwon kai bai ji ba. Jinin yana matsa jijiyoyi, zuciya tana turawa da wahala har ta yi kauri ta gaji, ƙoda tana lalacewa. Ran nan sai a ce wane ya faɗi a masallaci, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye, sai a ce iska ta buge shi. Binciken da hukumar lafiya ta ƙasa ta yi a 2007, da wanda ta sake a 2021, duka sun nuna fiye da baligi ɗaya cikin biyar a Nijar yana da hawan jini. Ƙidayar 2012 ta sami mutum wajen 270,000 a gundumar Tibiri. Mu ɗauka manya 100,000 ne kawai a ciki. Ɗaya cikin biyar ya kama 20,000. Mutum 20,000, 'yan'uwa, a gunduma guda! Nawa ne a cikinsu aka taɓa ɗaura wa abin awo a damtse? Alhali awon bai fi minti biyar ba, ba a huda fata, ba a zubar da jini. In ya kai 14 bisa 9, watau 140 bisa 90, a ranaku biyu dabam, to ciwon ya tabbata. Maganinsa ƙwaya ce ƙarama kamar amlodifin, ana sha kullum, ba ta kai kuɗin goron da magidanci ke ci a yini ba.

Na biyu ciwon maƙogwaron yara. Ku saurara da kyau, don wannan shi ne wanda iyaye ba su sani ba. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo wani irinsa. Mu kuwa sai mu kai shi wurin wanzami a yanke beli. Maƙogwaro ya lafa, kowa ya manta. Bayan sati biyu ko uku gaɓoɓi su kama ciwo, yau gwiwa, gobe idon sawu. Jikin yaron ne, garin yaƙi da ƙwayar cutar, ya juya yana cin ƙofofin zuciyarsa. In abin ya yi ta maimaituwa, ƙofa ta ƙanƙance ko ta riƙa yoyo. Sai yarinya ta kai shekara 18, ta ɗauki cikin fari, zuciya ta kasa ɗaukar kaya biyu. Wannan ciwo yana kashe mutum fiye da 300,000 kowace shekara a duniya, kusan dukansu 'ya'yan talakawa. Maganin da ke tare shi tun daga ƙofa fenisilin ne, wanda aka gano tun 1928: allura guda, ko ƙwayoyin kwana goma. Wanda ciwon ya riga ya taɓa, allura ce duk sati uku ko huɗu, shekara da shekaru, ta hana ƙofar ƙara lalacewa. A Turai ciwon nan ya kusa zama labari. A lardin Pinar del Río na ƙasar Kuba, daga 1986 zuwa 1996, da malaman makaranta da malaman asibiti da fenisilin kawai, suka mai da shi kusan kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a tsakanin 'yan makaranta. Kuba ba ta fi mu ma'adini ba. Niyya ta fi mu.

Na uku kumburin jego, wanda ya ɗauke ɗiyar da muka ba ku labari. Daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa, tsokar zuciyar mace takan saki, ta buɗe kamar tsohuwar salka, ta kasa tura jini. Ruwa ya taru a ƙafa, a ciki, a huhu. A ƙasar Japan mace ɗaya ce cikin wajen 20,000 ke gamuwa da shi. A ƙasar Hausa fa? A Zariya, cikin shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry sun sami wajen ɗaya cikin 100. A Sakkwato, a 2007, ɗaya cikin 102. A Kano, a binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta aka buga a 2020, ɗaya cikin 96. Duk duniya da wuya a sami inda ya kai haka. Sakkwato kuwa da Arewa iyakar Nasara ce kaɗai ta raba mu. Hatsinmu ɗaya, jegonmu ɗaya, talaucinmu ɗaya.

AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Da likitocin Turai suka ga yawan ciwon nan a Zariya, suka ɗora laifin bisa kunun kanwa, da wankan jego, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Shi ke nan, magana ta ƙare, laifin kakanninmu mata ne. Masu mulki na kowane zamani suna son irin wannan amsa, domin in al'ada ce mai laifi, to baitulmali ya huta.

Amma bincike bai tsaya nan ba. A Yamai, likita Cénac da abokan aikinsa sun auna jinin matan da ke da ciwon, suka buga a 1992 cewa wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, mai suna seleniyam, ya yi musu ƙaranci ƙwarai. A Nijeriya, Karaye da jama'arsa suka gwada masu ciwon da masu lafiya, ba su sami shaidar da ta kama wankan jego da kunun kanwa da laifin ba, don masu lafiyar ma suna yi. Abin da suka samu tare da ciwon shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. A taƙaice, yunwa da talauci da rashin awo. Ashe ba tukunyar kaka ce kaɗai abin tuhuma ba, har da rumbun da ya ƙare tun kafin shuka, da makarantar da ba a gina ba, da gidan likitan da ba abin awo.

Kada kuwa wani ya ji wannan ya ce mun wanke kanwa. Ba mu wanke ta ba. Kanwar Dallol Boso da gishirin Foga 'yan gida ɗaya ne, dukansu suna riƙe ruwa a jiki suna tada jini. Macen da ƙafarta ta fara kumbura, ko aka ce jininta ya hau, ba ta kunun kanwa kamar ƙara wa jakin da ya durƙusa kaya ne. Abin da muka ƙi shi ne a yi mana wa'azin kanwa a maimakon magani.

INA KUƊIN SUKA TAFI?

Za a ce mana ƙasa matalauciya ce. Mun ji. An fara haƙar yuraniyam a Arlit a 1971. Kamfanin Cominak ya yi ta kwasa a Akokan tun shekarun 1970 har ya rufe a 2021. Da ƙarfen ƙasarmu aka haskaka asibitocin Faransa, inda likita guda ke duba mutum wajen 300, mu kuwa likita guda yana fuskantar fiye da 20,000. A 2011 aka buɗe matatar mai a Damagaram. A watan Afrilu 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka sa hannu cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Gwamnatoci sun zo sun wuce a Yamai, na farar hula da na soja, alkawarin yana nan bisa takarda.

A 1987 aka ƙulla shirin Bamako, aka ce talaka ya riƙa biyan kuɗin magani da kansa. A 2006 aka ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne, muka yi murna, sa'an nan gwamnati ta yi ta jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu har kantocin magani suka bushe. Kyautar da ba magani a cikinta, sunanta takarda.

Cikin shekarun nan duka, babban mutum in ƙirjinsa ya soke shi, jirgi ne zuwa Paris, ko Tunis, ko Kazablanka, da kuɗin baitulmali, har da mai rakiya. Kuɗin tafiya guda irin wannan zai sayi abin awon jini ga kowane gidan likita na Arewa har a sami canji. Wanda ba zai taɓa kwanciya a asibitin ƙasarsa ba, yaya za a yi ya damu da gadon asibitin?

Gaskiya ɗaya ce, in an yi abin kirki mu faɗa. A 2016 an buɗe babban asibitin ƙwararru na Yamai mai gado 500, wanda ƙasar Sin ta gina. Asibitin Lamorde yana da sashen zuciya, kuma 'ya'yan ƙasar nan da suka yi karatu a jami'ar Yamai suna aiki a ciki ba dare ba rana. Daga 1 ga Satumba 2024 an rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, aka mai da haihuwa kyauta. Madalla. Muna kuma son a riƙa yin aikin buɗe ƙirji a gida, yadda Nijeriya ta fara a Inugu tun 1974, yadda aka buɗe cibiyar Salam a Khartum a 2007 ana yi wa talakawan Afirka aikin zuciya kyauta, yadda Bamako ta buɗe tata ta yara a 2018. Ƙasar da ke aika 'ya'yanta waje a ɗinke musu zuciya, 'yancinta da saura.

Amma fa daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kilomita wajen 270 ne. Galibin ƙwararrun likitocin zuciya can suke. Rabin kuɗin asibiti bai rage kuɗin mota ba, bai rage kuɗin masauki da abincin mai jinya ba. Aikin ƙofar zuciya guda yana cin miliyoyin sefa, allurar fenisilin da za ta hana a kai ga aikin kuwa ba ta kai kuɗin kaza ba. Wanda ya ɗora jinka bai kafa shika-shikai ba, iska yake yi wa aiki. An mai da Tibiri gunduma mai zaman kanta a 2011, an kawo farfe, an kafa tuta. Muna so zuciyar mutanen gundumar ita ma ta san an yi.

Kada a ce ba ya yiwuwa. A jihar Kano, tun 2020, an koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci awon hawan jini da ba da maganinsa bisa ƙa'ida guda mai sauƙi, ba sai an jira babban likita ba. Abin da malamin asibitin karkarar Kano ya iya, na Dumega zai iya.

NAMU LAIFIN

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Jam'iyyar da ba ta iya faɗa wa 'ya'yanta gaskiya, ba ta da bakin faɗa wa gwamnati.

Ku magidanta, ku ne kuke hana mata zuwa awo, wai kunya, wai kuɗin kabu-kabu. Ran suna kuwa ku yanka rago ku kira makaɗa. Mai jego tana haki kuna cewa raki ne. Ku iyayenmu mata, muna durƙusa muku, amma ku ji: kumburin fuska da ciwon kai da ganin duhu ga mai ciki ba alamar ɗa namiji ba ce, hawan jini ne, jijjiga ce ke tafe. Ku matan gida, da can daddawa ce ke gyara miya, yau sai an marmasa dunƙule uku huɗu, a bi da gishiri, a bi da kanwa. Dunƙulen nan fiye da rabinsa ko kusa da haka gishiri ne. Abin da jikin baligi ke ɗauka a yini bai kai giram 5 ba, watau ƙaramin cokalin shayi guda, duk da na miya da na ƙuli da na kilishi. Ku samari, taba da tiramol ba su ƙara ƙarfi, bashi ne kuke ci wanda zuciya za ta biya. Ku 'yan mata, ƙwayar ƙiba da ake sayarwa a faranti tana tada jini. Ku 'yan kasuwa na cikinmu masu tallar magani a rana, kuna sayar wa tsoho ƙwayar ciwon gaɓɓai ya yi ta sha kamar gyaɗa har ƙodarsa ta mutu, ku sani ribar nan da jini a cikinta.

Ku kuma da aka riga aka ba ku maganin hawan jini, kuka sha wata guda, kuka ji sauƙi, kuka ajiye: ciwon nan ba a warkewa a sallame shi kamar zazzaɓi. Ana ɗaure shi ne kullum kamar ingarma. Ran da aka sake shi, ranar yake harbi.

Wani zai ce ai kwana ne, in ya ƙare ya ƙare. Haka ne, rai na Allah ne. Amma malamanmu sun koya mana neman magani ba ya warware tawakkali. Kuma ku lura, masu yi mana wa'azin ajali daga bisa kujera, su ne na farkon hawa jirgi in nasu ƙirjin ya motsa.

Allah kuwa bai hana mu abincin lafiya ba. Hatsi, da wake, da gujjiya, da zogale, da kuka, da yakuwa, da kayan lambun Dallol, duk masu gyara jini ne. Kada mu sayar da wakenmu da arha mu sayo taliya da lemun kwalba da tsada, mu ce mun waye.

ABIN DA MUKE NEMA

1. Kowane gidan likita na gundumomin Tibiri da Dogon Dutsi, babba da ƙarami, ya kasance da abin awon jini mai aiki, kuma a auna duk baligin da ya shigo, ko ƙaya ce ta kawo shi.

2. Maganin hawan jini, da na fitar da ruwa, da allurar fenisilin kada su yanke. A riƙa ba mai ciwon na wata uku a tafiya guda, don kada kuɗin hanya ya fi kuɗin magani.

3. A koya wa malaman asibiti da ungozomomi gane ciwon maƙogwaro mai haɗari da kumburin jego, a ba su ikon fara magani nan take.

4. Duk mai jego a duba ta, a auna jininta, a saurari ƙirjinta, cikin satin farko da kuma kafin arba'in.

5. A ajiye na'urar hoton zuciya a asibitin gunduma, a horar da mai riƙe ta, likitan zuciya kuma ya riƙa zagayowa a ranar da kowa ya sani.

6. A buɗe littafin yaran da ciwon ƙofar zuciya ya taɓa, allurarsu ta zama kyauta, wanda bai zo ba a bi shi gida.

7. A buga wa jama'a kuɗin da ake kashewa kowace shekara wajen fitar da manya jinya waje, a kuma cika alkawarin Abuja na kashi 15.

AIKIN KOWANE RESHE

Ba za mu naɗe hannu muna jira ba. Allah ya ce tashi in taimake ka.

1. Kowane reshe ya yi karo-karo ya sayi abin awon jini guda mai batir. A roƙi malamin asibiti ya koya wa mutum biyu, namiji da mace. Ran kasuwa a kafa rumfa. Mutum ya zauna ya huta minti biyar kafin a auna. Ba mu ba da magani, ba mu zama likitoci ba. Wanda nasa ya kai 14 bisa 9 a rubuta masa a takarda a tura shi gidan likita.

2. Shugabannin reshe su fara miƙa damtsensu a gaban jama'a.

3. Matan reshe su riƙa leƙa kowace mai jego har ta yi wata biyar. Alama huɗu za su duba: kumburin ƙafa, haki, tarin dare, kasa kwanciya a miƙe. In an ga ko biyu, a ranar za a tafi.

4. A kafa asusun man mota da na amalanke, ma'aji ya riƙa karanta lissafinsa a kowane taro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

5. A zauna da wanzamai, da limamai, da masu maganin gargajiya, da malaman lakwal, cikin girmamawa. Su ne mutane ke fara zuwa wurinsu. A roƙe su, yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, da mutumin da bakinsa ya karkace, da mai nauyin ƙirji da zufa, su turo su likita ba tare da ɓata lokaci ba.

6. Sakataren reshe ya riƙe littafi: mutum nawa aka auna, nawa jininsu ya hau, mai jego nawa ta kumbura, nawa suka rasu. Ba suna, lamba kawai. Ran 29 ga Satumba, ranar zuciya ta duniya, mu haɗa littattafan nan mu kai wa farfe da hannunmu. Ƙorafi ana iya share shi, lissafi kuwa sai an amsa.

'Yan'uwa, a 1899 mutanen Lugu, ƙarƙashin Sarauniya Mangu, sun tsaya gaban bindigogin Voulet da Chanoine da kibiya da baka. Jikokinsu ba za su kasa tsayawa gaban farfe da littafi ba. 'Yancin da bai kai ga gadon mai jego ba, bai gama isowa Arewa ba, kuma ba wanda zai ɗauko mana shi in ba mu ba. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Reshen da ya fara kafa rumfa ya aiko mana da labari, za mu buga a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba talaka sawaba. Amin.

Mu ne naku,
'Yan reshen Tibiri.